Waɗanda Muka Bari a Kicin

Shugabar Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Tolliver, kuma shugabar wannan zama, Malama Vernetta Goodloe. Rabaran Ambrose Tillery, wanda ya sa wa abincinmu albarka, ya kuma yi addu'a gajeriya a karo na farko tun da na san shi, Allah ya saka masa. Wakiliyar hukumar gunduma, wadda ta kawo mana makullan azuzuwan nan biyu na ɗakin tarihinmu da hannunta. Uwarmu kuma malamarmu, Malama Arzelia Odom, wadda ita kaɗai ta rage mana cikin duk waɗanda suka riƙe alli a ginin nan, shekararta casa'in da bakwai, kuma har yau in ta kalle ni ta saman gilashinta sai in gyara zama. 'Yan'uwana maza da mata da kuka taso daga Detroit, daga Chicago, daga Newark, da ku da ba ku taɓa barin garin nan ba, kuke kuma tuna mana da hakan kowace shekara. 'Ya'yanmu da jikokinmu da suka tuƙo mu, tunda yawancinmu an ƙwace mana makullin mota. Da ku da ke can bayan ƙofar kicin, na san kuna jina: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da wannan rana.

Ina gode wa Ubangiji da ya sake tara mu a wannan zaure, inda da yawa daga cikinku suka jefa ƙwallo a kwando, ni kuwa na yi shekara huɗu a benci ina riƙe musu tawul. Ina gode wa shugaba da ta ba ni wannan dama, ko da yake na san kafin in sauka za ta yi da-na-sani. Ina gode wa waɗanda suka tashi tun da sassafe suka soya tarwaɗar nan, suka dafa ganye, suka gasa burodin masara da kek ɗin dankali. Likitana ya hana ni uku daga cikin huɗun nan, na kuwa ci duka huɗun, na ƙara.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Lemuel Pettiford. Ni ne mai kula da dokokin wannan ƙungiya tun ranar da aka kafa ta, shekara arba'in da uku ke nan. Ni ne mutumin da ke miƙewa a tsakiyar maganar mutum ya ce lokacinsa ya ƙare. A bayan idona ana kirana Sashe-na-Uku, na daɗe da sani, kuma abin kunyar shi ne sunan yana yi mini daɗi. An ce in yi magana a kan yadda za mu adana tarihin Tolliver. Na zauna na rubuta shafi goma sha ɗaya, da labarin yadda kakanninmu suka ɗauko katako a kafaɗa suka gina aji biyu na farko da hannuwansu, da sunayen likitoci da lauyoyi da sojojin da suka fito daga nan. Jawabi ne mai kyau, yana cikin aljihuna, kuma a can zai zauna. Abubuwa biyar zan faɗa a madadinsa, ina roƙon ku yi haƙuri da ni har in kai na biyar.

Na farko, kiran aji. Da zarar na sauka aka kwashe kwanuka, sakatare za ta buɗe koren littafin nan ta fara kira shekara bayan shekara, tun daga 'yan alif ɗari tara da talatin da takwas, ajin farko da aka yaye. Duk ajin da aka kira su miƙe su ce, “Muna nan!” In ba wanda ya miƙe, a kaɗa ƙararrawar makaranta sau ɗaya a wuce. A taronmu na farko mutum ɗari shida da wani abu ne suka miƙe, har tagogin zauren nan sai da suka yi rawa. Bara mu saba'in da huɗu ne, tara daga ciki ma sanda suka ɗaga a madadin miƙewa, kuma sai da aka kaɗa ƙararrawa sau goma sha uku a jere kafin a sami mai amsawa. Kiran yana tsayawa a sittin da tara, shekarar da kotu ta ba da umarnin haɗa makarantun baƙaƙe da na farare, aka rufe tamu aka bar tasu a buɗe. Daga nan sakatare ta rufe littafi. Ba sabon aji da zai zo, jama'a, ba ko ɗaya. Mu ke nan, kullum muna raguwa.

To me muka yi a kai? Ina da littafin bayanan zamanmu, ni nake duba shi. Mun yi zama uku cur a kan ko koren fentin da za a shafa wa ɗakin tarihinmu shi ne ainihin koren Tolliver ko kuwa ya yi duhu. Mun yi zama biyu a kan wa zai zauna a motar farko ranar jerin gwano. An daina gaisawa tsakanin gida biyu a kan wace shekara aka doke ƙungiyar ƙwallon gabas. Batun wanda zai buɗe ɗakin tarihin nan bayan an kaɗa wa ajin ƙarshe ƙararrawa kuwa, ban ga inda muka taɓa tattauna shi ba, ko sau ɗaya.

Na biyu, sashe na uku na kundin dokokinmu. Ba sai na duba takarda ba, ni na rubuta shi: “Ba mai zama ɗan wannan ƙungiya sai wanda ya kammala karatunsa a Tolliver, kuma yake riƙe da takardar shaida mai ɗauke da sunan Tolliver.” Wasunku suna nan ranar, a ɗakin ƙasa na majami'ar Dutsen Sihiyona, a shekarar tamanin da ɗaya. Wata 'yar'uwa, Allah ya ji ƙanta, ta ɗaga hannu ta ce, “To ƙannenmu fa, waɗanda rufewar ta riska ba su gama ba?” Kafin ta sauke hannu na riga na miƙe. Na bugi tebur na ce, “Su ai suna da makarantarsu! Su je can su yi taro da waɗanda suka yi karatu tare. Wanda bai fita ta ƙofar Tolliver da takarda a hannu ba, ba ɗan Tolliver ba ne!” Sai tafi raf-raf-raf. Kai, ranar na ji kaina ya yi girma, na koma gida ina tafiya kamar wanda aka zaɓa gwamna.

Ba na cewa waɗanda suka tafa mini mugaye ne. Muna cikin fushi a lokacin, fushin kuma na gaskiya ne. Mun ga kofunan da muka ci a wasanni a juji bayan gari. Mun ga an kankare sunan makarantarmu daga bango. Mun ga shugaban makarantarmu, marigayi Malam Thaddeus Crenshaw, mutumin da ke da digiri biyu, an mai da shi mai kula da garejin motocin makaranta. Mun ga malamanmu an sallame su, an mai da azuzuwanmu ma'ajiyar karyayyun kujeru. Muna cikin fushi, amma waɗanda suka yi mana wannan sun fi ƙarfinmu, don haka muka waiga muka sauke shi a kan ƙannenmu. Mu da aka haife mu a garin da ke da ƙofa ta farare da ƙofa ta baƙaƙe, mu da muka sha ruwa a famfon bayan gini, da muka sami ƙungiya tamu ta kanmu abu na farko da muka ƙirƙiro shi ne bajo iri biyu: kore na 'yan ƙungiya, fari na baƙi. Ni ne kuma na zauna a bakin ƙofa ina rabawa.

Na uku, su waye muka ba farin bajo? Mu 'yan sittin da tara mun fita da doguwar riga da hula da kaɗe-kaɗe, iyaye na guɗa. Su kuwa a watan Satumba aka loda su a bas aka kai su sakandaren gunduma, inda ba wanda ya gayyace su, ba kuma wanda ya yi murnar zuwansu. Su aka tofa wa yawu a matakala. Su aka manna wa cingam a gashi. Su suka ɗaga hannu a aji shekara biyu malami yana kallon saman kansu. Wanda ke shirin jagorantar 'yan kaɗe-kaɗe a nan, can ko ganga ba a ba shi ya riƙe ba. Mu muna Detroit muna aikin kamfanin mota muna ba da labarin gwagwarmaya, su suna cikinta tsundum, suna da shekara sha biyar, sha shida.

A shekarar tamanin da takwas Wardell Fane, wanda da ya gama a saba'in, ya tuƙo mota awa goma sha uku ya zo taron nan, da tsohon kakakinsa na makaranta a hammata. Ya tsaya gaban teburina yana ta dariya, na miƙa masa farin bajo. Ya ce, “Lem, ni ne fa. Wardell. Ni da kai muka saci kankana a gonar dattijo Purifoy, kai ka gudu ka bar ni aka kama.” Na ce, “Na gane ka sarai, Wardell, amma sashe na uku ya ce...” Bai bari na ƙarasa ba. Ya juya bajon nan a hannunsa, ya ajiye mini shi a hankali a kan tebur, ya koma motarsa ko ruwa bai sha ba. Ya rasu shekara shida da suka wuce. Ba mu ambace shi a nan ba, domin ajinsa ba ya cikin littafi. Wannan abu yana ci mini rai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Sai ƙanwata, Ozella, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma ta yi a ginin nan, tun daga aji ɗaya. Malama Odom tana nan, ta ƙaryata ni in ba haka ba ne: a lissafi ba a yi kamarta ba a zamaninmu. A taron farko ta zo cikin koriyar riga da ta ɗinka da kanta, na miƙa mata farin bajo, ita ma. Ta ce, “Yaya, farin bajo ka ba ni? A nan?” Na ce, “Doka ce, Zella, ba ni ba ne.” Ta dube ni, ta dubi bajon, ta ce, “To riƙe abinka. A kicin ba a tambayar bajo.” Ta zagaya ta ƙofar baya ta ɗaura gyale a kai. Tun daga ranar duk tarwaɗar da kuka ci a zauren nan ta bi ta hannunta. Sannu a hankali 'yan saba'in da 'yan saba'in da ɗaya da na bayansu suka bi ta can, yau su goma sha tara ne a bayan ƙofar nan. Kowace shekara muna tafa wa “masu abinci,” ni ne ma nake gabatar da ƙudurin godiya, da murya mai daɗi.

Na huɗu. Kash, na huɗun nan shi ne mai wuya. Rabaran, ka taya ni da addu'a, amma a zuci.

Da gunduma ta mayar mana da azuzuwa biyu domin ɗakin tarihi, shugaba ta kawo shawara cewa kowane ɗan ƙungiya ya kawo takardar shaidarsa a saka a gilashi a jera a bango, tun daga talatin da takwas har sittin da tara. Wa ya fara mara mata baya? Ni. Na ce ra'ayi ne na zinariya, na ma ƙara da cewa duk wanda bai kawo ba a binciki rajistarsa. Sai da na isa gida na cire takalmi sannan na fahimci abin da bakina ya jawo mini. Takardu suka yi ta zuwa, daga cikin Littafi Mai Tsarki, daga ƙarƙashin katifa, daga gwangwanin biskit. Shugaba ta ce, “Lemuel, taka fa?” Na ce ambaliyar casa'in da huɗu ta tafi da ita. Ta ce, “Gidanka a kan tudu yake.” Bayan wata ɗaya na ce ɓeraye ne. Bayan wani watan na ɗora wa matata, wadda ta rasu ba ta nan balle ta kare kanta, na ce ita ta zubar a garin shara. Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe mini.

Ranar wata Talata da rana ina zaune a baranda sai ga Zella, da faranti a hannu ɗaya da tsohon ambulan mai ruwan ƙasa a ɗayan. Ta ajiye farantin, ta ɗora ambulan a cinyata, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ce, “Na ji ana neman takardarka. Ɓerayen sun dawo da ita.”

Jama'a, ga ta nan a hannuna. Bari in gaya muku yadda aka yi. A zangon ƙarshe na sittin da tara na faɗi lissafi, faɗuwa ba ta wasa ba. Malam Crenshaw ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce, “Pettiford, mahaifiyarka ta yi shekara goma sha biyu tana guga a gidajen mutane domin ta ga wannan rana. Ba zan hana ta gani ba. Za ka sa riga, za ka hau dandamali, zan miƙa maka bangon takardar shaida kamar kowa, amma ba komai a cikinsa. Ka zauna ajin bazara a lokacin hutu ka gyara lissafinka, in sa maka hannu a watan Agusta.” Haka aka yi. Na hau dandamalin nan da nake tsaye a kai yanzu, na karɓi bangon da babu ko ƙyalle a ciki, na ɗaga shi sama ina washe baki, Mama tana kuka. Hoton yana nan a bangon ɗakin tarihi, ni na zaɓi inda za a rataye shi. To a watan Yuli umarnin kotu ya iso. Aka rufe Tolliver, aka karɓe hatimin Malam Crenshaw, aka mai da ajin bazara sakandaren gunduma. Can na gyara lissafina, da ƙyar. A watan Agusta takarda ta iso ta gidan waya.

Bari in karanta muku kanta, da bakina: “Babbar Sakandaren Gunduma.” Ga sunana a ƙasa, Lemuel Pettiford. Ba Tolliver a jikinta ko a lungu. In lissafina daidai ne, kuma kun ji matsayina a lissafi, ni ne baƙin mutum na farko da ya karɓi takardar makarantar nan da na yi shekara arba'in da uku ina korar mutane saboda ita. Na riga Wardell, na riga Zella, na riga duk wanda ke cikin kicin ɗin nan.

Zella ce ta ciro ta daga akwatin wasiƙu a wancan Agustan, ta ɓoye wa Mama, ta kawo mini bayan gida. Na ce ta jefa ta a murhu. Ta ce ta jefa. Shekara hamsin da biyar ina barci da daɗi a kan wannan magana.

A barandar nan na buɗe ambulan na ga takardar da idona. Na ce, “Zella, ranar da na ba ki farin bajo, wannan takarda tana hannunki?” Ta ce, “Tana cikin jakata. A ranar ma.” Na ce, “Don me ba ki fito da ita ba? Da kin gama da ni a gaban mutum ɗari shida.” Ta ce, “Mama tana raye a lokacin, hoton nan na kan talabijin ɗinta, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa. Bayan ta rasu kuma na ce bari in ga ko za ka yi hankali da kanka. Haba Yaya, ka cika jinkiri.” Sannan ta ce in ci kek ɗin kafin ƙuda su riga ni.

Na ce to me ya sa yanzu? Ta ce gwiwoyinta sun gama aiki, 'yarta za ta zo ta ɗauke ta zuwa Cleveland a watan Satumba, kuma wannan ne taro na ƙarshe da za ta tsaya a kan tukunya. Sai ta faɗi maganar da ta hana ni sakat har yau. Ta ce, “Ka san me muke yi a kicin in an fara kiran aji? Muna ci gaba da aiki har a zo sittin da takwas. In an kira sittin da tara sai kowa ya ajiye cokali, a kashe famfo, mu yi tsit. Ko za a yi kuskure a ƙara ɗaya. Sai mu ji an rufe littafi, mu kunna famfo.” Shekara arba'in da uku, jama'a. Ban taɓa lura da shirun nan ba, ina can ina duba agogo kada a wuce lokaci.

Washegari na je gidan Malama Odom, na riƙe hula a hannu, na ce ina da abin da zan faɗa mata wanda zai girgiza ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga saƙar da take yi. Ta ce, “Ashirin da takwas bisa ɗari ka ci, Lemuel Pettiford. Ni na ba ka, kuma biyu daga ciki don tsabtar rubutu ne.” Na ce, “Ashe kin sani, Malama, duk shekarun nan?” Ta ce, “Yo wa zai sani in ba ni ba? Na koya maka ka riƙa kawo amsa da kanka, ba a raɗa maka ba. Ka daɗe a kan wannan tambaya, ɗana.” Ga ta can tana gyaɗa kai. Malama, na kawo amsar, a makare kamar kullum.

Na biyar, kuma na ƙarshe, roƙo ne. A Tolliver ana shiga tun daga aji ɗaya har aji goma sha biyu. Ranar da aka rufe ta akwai aji goma sha ɗaya a ciki da ba su gama ba. Shugaba ta bincika, fiye da mutum ɗari biyu daga cikinsu suna raye. Waɗanda ke aji ɗaya a lokacin yanzu shekararsu sittin da ɗaya, yara ne a wurinmu, suna hawa tsani, suna gani ba gilashi, sun san yadda ake sa hoto a waya. Sun san ƙamshin man da ake goge daɓen zauren nan da shi, sun san taken makaranta baiti uku, mu da yawanmu na farko kawai muke ja. Muna ta neman wanda zai riƙe makullin ɗakin tarihi bayanmu, alhali suna nan taku ashirin daga teburinmu suna wanke mana faranti. Ina roƙon a soke sashe na uku. Ina roƙon a ce duk wanda ya taɓa zama a benci a Tolliver, ko na rana ɗaya ne, ɗan Tolliver ne. Ina roƙon a rubuta saba'in, da saba'in da ɗaya, har zuwa tamanin, a cikin koren littafin nan, kuma a kira su yau, ba baɗi ba, domin baɗi Zella tana Cleveland.

Sai dai akwai matsala, kuma ni na haddasa ta. Sashe na bakwai ya ce wanda ba ɗan ƙungiya ba ba shi da ikon gabatar da ƙuduri. Ni na rubuta. Bisa sashe na uku kuwa, kun ji da kunnenku, ni ba ɗan ƙungiya ba ne, ban ma taɓa zama ba, duk lokacin da na katse muku magana a shekarun nan baƙo ne ya katse ku. Sashe na goma sha biyu ya ce gyaran doka sai an ba da sanarwar kwana talatin. Shi ma ni na rubuta, da alfahari. Amma a ƙasansa akwai layi ɗaya ƙarami da na saka don in nuna na karanta littattafai: in kashi biyu cikin uku na mahalarta suka miƙe tsaye, shugaba tana iya jingine kwana talatin ɗin nan take. A matsayina na baƙo ina ba shugaba shawara cewa ɗaga sanda ma miƙewa ce. Saura a sami mai koren bajo na gaskiya ya gabatar, a sami wani ya mara masa baya. Wannan ba nawa ba ne kuma, naku ne.

Ni dai ga abin da zan iya. Wannan takarda zan miƙa wa shugaba, in ta ga dama ta rataye ta a ƙarƙashin hoton nan na yaro mai washe baki, a rubuta gaskiyar labarin a gefe, domin shi ma tarihin Tolliver ne. Wannan koren bajo kuma da ke ƙirjina, ga shi na cire, na ajiye a kan tebur. In na sauka ba zan koma kujerata ba, kicin za ni. In kun kira saba'in, masu shi za su fito su amsa, su amsa har da na Wardell. In kun kira saba'in da ɗaya, ƙanwata za ta fito ta ƙofar gaba. Ni ban san a wace shekara za ku saka ni ba, ko ma za ku saka ni, ban kuma cancanci in zaɓa ba. In kuwa kun rufe littafi a sittin da tara kamar yadda muka saba, to haƙƙinku ne, doka tana bayanku, na fi kowa sani. Akwai manyan tukwane bakwai suna jiran wanki, zan tsaya tare da mutanena in ajiye cokali in saurara, in ji yadda abin yake daga can.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka gina wannan makaranta da hannuwansu. Allah ya ji ƙan Malam Crenshaw da duk malaman da suka riga mu, ya ƙara wa Malama Odom lafiya da haƙuri da irinmu. Allah ya ji ƙan waɗanda za a kaɗa wa ƙararrawa yau, da waɗanda muka hana a kaɗa musu. Allah ya sa wa hannuwan da suka ciyar da mu albarka, ya warkar da abin da muka ɓata, ya ba mu ƙarfin gwiwar miƙewa ko da gwiwoyin sun tsufa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa, ya bar sunan Tolliver a bakin jikokinmu. Amin.

Zella, ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, ina faɗa yanzu a gaban kowa. Ki matsa mini wuri a bakin famfo, ga ni nan zuwa.

Na gode.